Kiya tana auna sauti, shiru kuwa yana hannun mai bugu: fashin baƙi kan buga Mos a rediyon sha'awa

Duk wanda ya kunna rediyon gajeren zango da dare, ya gangara can farkon zangon da ake kira mita 40, tsakanin kHz 7000 da 7040, zai tarar da wani irin fito yana tashi yana yankewa daga nan da can, kamar kukan gyare da damina. Masu rediyon sha'awa ne suke zance da haruffan Mos, kuma mafi yawansu a yau sun ajiye maɓallin gargajiya, suna aiki da wata 'yar na'ura da aka gina a cikin rediyon, wadda masu harkar suke kira kiya. Idan kunnen mai sauraro ya ɗan goge, ba zai jima ba zai ci karo da wani abu mai ɗaure kai. Ga mutum biyu, kowanne ɗigonsa, wato gajeren sauti, daidai, sandarsa, wato dogon sauti, ita ma daidai, tunda na'ura iri ɗaya ce take auna musu, amma zancen ɗaya yana kwanciya a kunne, na ɗayan kuwa sai an yi gumi kafin a tsinci ko da lambar kiransa, wato haruffa da lambobin da ake gane tasharsa da su. Bambancin yana cikin shirun da ke tsakanin sautukan, kuma a ganina wannan ne abin da ya kamata mai koyo ya fara ganewa kafin ya taɓa wani saiti a jikin rediyonsa.

Mos gaba ɗayansa lissafin lokaci ne. Sunan ya fito daga Samuel Morse, Ba'amurken da ya aika saƙon tangaraho daga Washington zuwa Baltimore ranar 24 ga Mayu, 1844, amma tsarin da ake amfani da shi a rediyo ya samo asali ne daga gyaran da Bajamushe Friedrich Gerke ya yi a 1848, wanda ƙasashe suka ɗauka a taron Paris na 1865. Ma'aunin komai a cikinsa shi ne tsawon ɗigo ɗaya. Sanda tana cin ɗigo 3. Shirun da ke tsakanin sassan harafi guda ɗigo 1 ne, wanda ke tsakanin harafi da harafi ɗigo 3, wanda ke tsakanin kalma da kalma kuma ɗigo 7. Idan aka buga kalmar PARIS aka haɗa da shirun da ke bin bayanta, ana samun ɗigo 50 cif, shi ya sa aka mai da ita mudun auna sauri. Idan aka ce mutum yana buga kalma 20 a minti, ana nufin PARIS sau 20, wato ɗigo 1000 a cikin daƙiƙa 60, kowane ɗigo yana ɗaukar milisakan 60. Hanyar lissafin a taƙaice ita ce a raba 1200 da saurin da ake so, sai tsawon ɗigo ya fito: milisakan 100 a kalma 12, milisakan 40 a kalma 30.

Da maɓallin gargajiya, wanda ake dannawa ƙasa a sake shi ya dawo sama, duk waɗannan awo biyar suna wuyan hannun mai bugu. Ma'aikatan tangaraho na dā, irin waɗanda suka sa har yau muke kiran ofishin wasiƙu gidan waya, sukan wuni suna wannan dannawa har jijiyar hannu ta sage, wasu ma aikin ya gagare su. Neman maganin wannan ciwo ne ya kawo maɓallin da ake kaɗawa hagu da dama maimakon sama da ƙasa. A 1904 Horace Martin ya sami rajistar ƙirƙirarsa da ta haifi Vibroplex, maɓalli mai wani siririn ƙarfe da aka ɗaura wa nauyi, wanda yake lilo yana zubo ɗigo da kansa, amma ya bar wa hannu jan sanduna. Kiyar lantarki ta zo ta karɓi sandunan su ma. Da farko akwati ce mai zaman kanta a gefen rediyo, daga baya ta koma 'yar guntuwar na'ura, a yau kuwa kusan duk rediyon aikawa da karɓa da ake sayarwa yana fitowa da ita a ciki. Saboda haka daga cikin awon nan biyar na'ura ta ɗauke 3, wato ɗigo da sanda da shirun cikin harafi. Biyu sun rage, tazarar haruffa da tazarar kalmomi, kuma su ne suke raba mai bugu mai kyau da wanda ake gudun amsa masa.

Akan haɗa abubuwa biyu a baki, alhali kowanne da aikinsa. Kiya ita ce ƙwaƙwalwar da ke cikin rediyo. Abin da hannu yake taɓawa a kan tebur kuwa makunni ne kawai mai filafilai biyu a tsaye, ɗaya na ɗigo ɗaya na sanda, ba ya auna komai. A al'adar masu amfani da hannun dama, babban yatsa yana tura filafilin hagu ya ba da ɗigo, manuniya tana tura na dama ta ba da sanda, kuma bahago yana iya juya su daga cikin saitin rediyo ba tare da ya kwance waya ba. Waya uku ce take tafiya zuwa rediyon, ta fulogi mai zare baƙi biyu irin na abin sauraron kunne: tsinin fulogin na ɗigo, zoben tsakiya na sanda, gindin kuma na wayar da suka yi tarayya a kai. A IC-7300 na kamfanin Icom, wanda zan riƙa kawo misali da shi saboda yawansa a hannun jama'a, ramin yana baya, faɗinsa milimita 6.35, kuma a cikin saiti ana zaɓar ko maɓallin gargajiya ne aka jona, ko ana son kiyar ta kwaikwayi Vibroplex, ko kuwa filafilai ne.

A nan ne sabon shiga ya fi yawan tuntuɓe, ni ma a nan na fara nawa. Na jona maɓallin gargajiya da fulogi mai zare ɗaya, alhali rediyon yana kan saitin filafilai. Ko hannu ban kai ba sai ga sanduna suna ta zuba, daa daa daa, babu tsayawa, har na fara zargin rediyon ya lalace. Abin da ya faru shi ne dogon gindin fulogin ya haɗe zoben tsakiya da wayar tarayya, kiya kuwa ta ɗauka an danne filafilin sanda ne ba a saki ba. Ba don na'urar aikawa a kashe take a lokacin ba, da wannan ɓarna ta fita iska ta hau kan zancen wasu. Darasin da ke ciki ya wuce na fulogi. A irin wannan rediyo, muddin ba a kunna saitin da aka rubuta wa BK-IN ba, kiya tana aiki, mai bugu yana jin sautinsa, amma babu abin da yake fita ta eriya. Duk wani gwaji da atisaye a wannan hali ya kamata a yi shi, ko kuma a kan eriyar bogi mai om 50 wadda take shanye ƙarfin ta mai da shi zafi.

Saita filafilan kansu aiki ne na natsuwa, kuma ya cancanci a ba shi lokaci. Kowane ɓangare yana da sukuru biyu, ɗaya na tazarar da ke tsakanin ƙarafan da suke haɗuwa, ɗaya na ƙarfin sifirin ko maganaɗisun da yake mai da filafilin mazauninsa. Akan zura takardar rubutu guda a tsakanin ƙarafan, a matsa sukurun a hankali har takardar ta fara jan ƙafa idan an zare ta, sannan a ɗaure. Idan tazarar ta yi faɗi, yatsa yana yin doguwar tafiya, ana jin ƙwas ƙwas a kan tebur, bugu yana makara. Idan ta matse ainun, ko girgizar tebur tana iya haifar da ɗigon da ba a nema ba. Gindin makunnin kuma dole ya zama mai nauyi ko a kafe shi, domin wanda yake zamewa yana tilasta wa mai bugu ya riƙe shi da ɗaya hannun, wanda ya kamata a ce yana riƙe da alƙalami. Gwiwar hannu tana kan tebur, yatsu suna shafar filafilan a hankali, ba a marin su. A lokacin hunturu ƙura takan shiga tsakanin ƙarafan har ɗigo ya riƙa ɓacewa jefi-jefi, kuma maganin bai wuce a matse filafilin a kan farar takarda a zare ta sau biyu ko uku ba. Sanfefa ko reza suna kankare rufin azurfa ko zinaren da aka yi wa wurin, don haka a nisance su.

Yanzu sai batun da ya fi rikita mutane, wato abin da yake faruwa idan aka matse filafilan biyu lokaci guda. Kiyar zamani takan riƙa sauyawa, ɗigo, sanda, ɗigo, sanda, tana farawa da wanda aka fara taɓawa. Ana kiran wannan tsari ayambik, daga sunan wata ƙafar waƙa ta Girkawan dā mai gajeriyar gaɓa da doguwa a bayanta. Ga wanda ya san arulin rubutacciyar waƙar Hausa, wannan ba baƙon abu ba ne, domin mu ma da gaɓa mai nauyi da marar nauyi muke auna kari. Harafin A, wato di-daa, karinsa ɗaya da kalmar gida, harafin N kuwa, daa-di, karinsa ɗaya da Audu. Amfanin matsewar shi ne rage motsi. Harafin C, daa-di-daa-di, yana fita da matsa guda: manuniya ta fara, babban yatsa ya biyo ta nan take, a riƙe, a saki. Harafin Q, daa-daa-di-daa, ana danne sanda ne a bar ta, a cikin sanda ta biyu babban yatsa ya ɗan taɓa ɗigo, kiya ta riƙe taɓawar a ƙwaƙwalwarta har sandar ta ƙare, ta saka ɗigon a gurbinsa, ta ci gaba da sanda ta ƙarshe. Haka K da R da F da L da Y suke amfana.

Rikicin yana wajen saki. Tun shekarun 1970 aka sami mazhaba biyu. Ta farko, da ake kira salon A, ta bi guntayen na'urorin John Curtis masu lamba 8043 da 8044: idan aka saki filafilan, kiya tana ƙarasa abin da take kan bugawa ta yi shiru. Ta biyu, salon B, ta bi Accu-Keyer ta James Garrett wadda aka wallafa bayaninta a mujallar QST a 1973: idan aka saki bayan matsa, kiya tana ƙarasa abin da take kai, sannan ta ƙara kishiyarsa guda ɗaya. A koma ga harafin C. Mai salon A yana riƙewa har ɗigon ƙarshe ya fara sannan ya saki. Mai salon B yana saki tun a cikin sanda ta biyu, ya bar wa na'ura ta cike ɗigon. To, idan hannun da ya saba da B ya zauna gaban kiyar da ke kan A, zai saki da wuri, ɗigon ƙarshe ba zai zo ba, C ɗinsa ya koma K, kiransa na CQ, wato gayyatar duk mai sauraro ya amsa, ya zama KQ. Idan kuma hannun A ya faɗa kan kiyar B, sai wata sanda ta biyo bayan C ɗin, a sami daa-di-daa-di-daa, wanda alama ce ta daban. Mutum yana iya shekara goma yana bugu lafiya, ya ari rediyon abokinsa, ya ga kamar yau ya fara koyo. Babu wanda ya fi wani a cikin salon biyu, sabo ne kawai, kuma rediyoyi irin FT-991A na Yaesu da K3 na Elecraft suna ba da zaɓi. Abin da nake ba da shawara shi ne mai koyo ya binciki wanne rediyonsa yake bi, ya tsaya a kansa, ya daina sauye-sauye.

Gaskiya kuwa, ana zuzuta matsewar fiye da ƙimarta. Haruffan da take sauƙaƙawa ba su da yawa, kuma da zarar sauri ya ƙaru, ɗan lokacin da ake da shi na saki yana ƙanƙancewa har kuskure ya yawaita. Shi ya sa da yawa daga cikin masu shiga gasar tseren bugu suke amfani da makunni mai filafili ɗaya, wanda ba ya matsuwa sam, sai dai a tura shi hagu ko dama. Wanda ya ga matsa tana ba shi wahala bai rasa komai ba idan ya bar ta.

Maɓallin sauri shi ne ya fi kowanne jan hankali, kuma shi ne ya fi yaudara. Kiyar IC-7300 tana tafiya daga kalma 6 zuwa 48 a minti, ta FT-991A daga 4 zuwa 60. Da yake na'ura ce take yin awo, hannu yana iya buga kalma 25 tun kunne bai iya karɓar 15 ba. Ladabin harkar kuwa shi ne a amsa wa mutum da saurin da ya yi kira, don haka wanda ya yi kira da saurin da ya fi ƙarfin kunnensa ya jawo wa kansa amsar da ba zai gane ba. Akwai alamar QRS, ma'anarta a rage sauri, kuma babu abin kunya a aika ta. Masu koyarwa sun daɗe da gano cewa koyon haruffa a hankali ainun yana sa mutum ƙirga ɗigo maimakon jin karin harafi. Hanyar Ludwig Koch, masanin halayyar ɗan'adam na Jamus a shekarun 1930, tana farawa da haruffa biyu kacal a cikakken sauri, a riƙa ƙara ɗaya bayan ɗaya. Hanyar da ake jinginawa ga Donald Farnsworth kuma tana buga kowane harafi da sauri amma ta faɗaɗa tazarar da ke tsakani. Wannan ta biyun tana da amfani a kan iska ma. Idan aka haɗu da mai rauni wajen karɓa, sau da yawa ba sai an murɗa maɓallin sauri ba, ya isa a ƙara masa numfashi tsakanin haruffa, kuma hannu ne yake yin wannan.

Mun dawo ke nan kan shiru. A ɗauki sunan KANO: daa-di-daa, di-daa, daa-di, daa-daa-daa. Idan mai bugu ya yi gaggawa bai bar tazarar ɗigo 3 tsakanin A da N ba, sai su manne su zama di-daa-daa-di, wanda shi ne harafin P, mai karɓa kuwa ya rubuta KPO yana tunanin wane gari ne wannan. Akasin haka ma yana faruwa. Wanda yake ɗan jinkiri a tsakiyar harafi yana tsinka C ya zama N biyu, ya tsinka Q ya zama M da A, har masu sauraro suka saba da jin NNMA a madadin CQ. Abin da yake sa wannan cuta wuyar magani shi ne mai ita ba ya jin ta. Shi ya san abin da yake son faɗa, saboda haka kunnensa yana saka tazarar da hannunsa bai saka ba. Wanda yake can nesa, yana fama da ƙarar iska da dusashewar sigina, ba shi da wannan gata. Yaesu suna da saitin da suka kira ACS, wanda yake tilasta cikakkiyar tazara bayan kowane harafi, kuma yana taimaka wa wasu, amma ba zai iya sanin inda mai bugu ya nufi harafi ya ƙare ba idan shi kansa bai tsaya ba. Maganin da na fi yarda da shi mai araha ne: mutum ya ɗauki shafin jarida ya buga, ya naɗi sautin a wayarsa, ya ajiye kwana biyu har ya manta abin da ke ciki, sannan ya saurara ya rubuta. Duk inda ya kasa karanta kansa, nan ne wasu suke shan wahalarsa.

Akwai saitin tsawon sanda, wanda a IC-7300 yake tafiya daga 2.8 zuwa 4.5, a wasu na'urorin kuma akwai na nauyi, mai ƙara tsawon sauti ya rage shirun cikin harafi. Sun samo asali daga buƙatar cike gurbin ɗan abin da wasu na'urorin aikawa suke yankewa daga farkon kowane sauti. In ba a tabbatar da irin wannan matsala ba, a bar sanda a kan 3 yadda take.

Wanda ya fi su muhimmanci, kuma aka fi mantawa da shi, shi ne lokacin tashin sauti. Idan sigina ya tashi daga babu zuwa cikakken ƙarfi farat ɗaya, yana fantsama zuwa gurabun maƙwabta, su riƙa jin ƙas ƙas a duk bugun da aka yi, ko da sun matsa nesa da wurin. Mai yin ɓarnar ba ya jin komai a nasa ɓangaren. IC-7300 yana ba da zaɓin milisakan 2, 4, 6 ko 8, kuma ga ɗigo mai milisakan 60, ba da 6 ga tashi ba ya rage wa saƙo komai, alhali yana sauƙaƙa wa maƙwabta ƙwarai. Dukan darajar Mos a rediyo tana cikin ƙanƙantar wurin da yake ci, kimanin Hz 150, a inda murya take cin kusan 2400, kuma wannan ne yake sa wat 5 ya iya ƙetare teku. Wanda ya bar siginarsa yana fantsama ya zubar da wannan daraja, ya kuma shiga haƙƙin wasu.

Sautin da mai bugu yake ji a kunnensa rediyon ne yake ƙirƙira masa, kuma kaifinsa ana saita shi, daga Hz 300 zuwa 900 a IC-7300, mafi yawan mutane suna zama tsakanin 600 da 700. Wannan saiti ya wuce batun daɗin kunne. An tsara rediyon ta yadda idan sautin wanda ake sauraro ya yi daidai da wannan kaifi, to gurbin aikawa ya hau kan nasa daidai. A ce mutum ya saita 600, amma ya tsaya inda yake jin abokin zancensa da kaifin 900. Amsarsa za ta faɗa Hz 300 a gefe, idan kuwa wancan ya rufe kunnensa da filta mai faɗin Hz 250, wadda ba ta wuce 125 ta kowane ɓangare ba, ba zai ma san an amsa masa ba. Sai mai amsa ya yi ta zargin eriya ko ƙarancin ƙarfi. Rediyoyin Yaesu da Elecraft suna da maɓallin SPOT mai fito da sautin gwaji a daidaita shi da na mai kira, Icom kuma suna da AUTO TUNE mai matsawa da kansa.

Sai batun sauyawa tsakanin aikawa da karɓa. A salon rabi, taɓawar farko tana tayar da na'urar aikawa, ta zauna a haka har a yi shiru na wani ɗan lokaci, sannan rediyo ya koma sauraro. Icom suna auna wannan jinkiri da tsawon ɗigo, kuma hikimar a bayyane take: idan aka sa shi ya ɗan haura 7, rediyon ba zai riƙa faɗawa sauraro tsakanin kalmomi ba, amma zai dawo da wuri idan an gama. Idan jinkirin ya yi tsawo, farkon amsar abokin zance yana wucewa ba a ji ba, kuma sau da yawa a nan lambar kira take. A cikakken salo, wanda ake kira QSK, rediyon yana sauraro har a tsakanin ɗigo da ɗigo, ta yadda abokin zance zai iya katse mutum, kuma mai kiran tasha mai nisa zai ji lokacin da ta amsa wa wani ya yi shiru. Yana da daɗi ga wanda ya saba, amma rile, wato makunnin da yake sauya aikawa da karɓa, yana ta kaɗawa, kuma idan akwai amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sigina, a gaba wadda ba a gina ta don wannan ba, ƙarfin yana isa kafin rilenta ya gama rufewa, ƙarafansa su ƙone. Idan kuma kiya ta fara zubo abin da ba a buga ba da zarar an ƙara ƙarfi, galibi siginar eriya ne yake komowa ta wayar makunni, kuma naɗa wayar a zoben ferit, wani zobe mai tare irin wannan sigina, kusa da rediyo yakan kashe matsalar.

Kiyar zamani tana da ma'ajiyar saƙo, guda 8 a IC-7300, kowace tana ɗaukar haruffa 70. A gasa irin CQ World Wide ta Mos, da ake yi a ƙarshen watan Nuwamba, inda mutum zai maimaita kira sau dubbai, babu mai musun amfaninta, kuma a nan ne ake jin 5NN a madadin 599, wato rahoton cewa sigina ya iso sarai, don N ya fi 9 gajarta nesa ba kusa ba. Tasha mai lambar da ta fara da 5N ta Najeriya, ko 5U ta Nijar, ko TT ta Chadi, takan tara cincirindon masu kira saboda ƙarancin masu aiki daga waɗannan ƙasashe, kuma a irin wannan cunkoso ma'ajiya tana hutar da hannu. Abin da nake ƙi shi ne a mai da ita mafaka. Na sha jin kira mai tsafta kamar an zana shi, da aka amsa aka shiga zance sai hannun gaskiya ya bayyana, haruffa a cakuɗe. Ma'ajiyar ta fi amfani a matsayin malami: a sa ta buga lambar kiran mutum, ya saurari tazarar da take bari, ya maimaita da hannu har biyun su zama ɗaya.

Babu dokar duniya da take tilasta wa kowa wannan wahala yanzu. Jiragen ruwa sun bar Mos a matsayin hanyar neman agaji a 1999, taron rediyo na duniya na 2003 ya bar wa kowace ƙasa zaɓin ko za ta jarraba masu neman lasisi a kansa, Amurka kuma ta soke jarrabawar a Fabrairun 2007. Duk da haka farkon mita 40 da mita 20 ba su rabu da masu bugu ba. Mai lasisin da ya shirya fita karon farko yana fara sauraro ne, sannan ya aika QRL da alamar tambaya don jin ko akwai mai wurin, ya dakata, ya sake. Idan shiru, sai ya buga CQ sau uku, DE mai nufin daga, lambarsa sau biyu ko uku, ya rufe da K mai nufin a amsa. Idan ya yi kuskure, ɗigo 8 a jere suna share kalmar, ya sake ta daga farko. Idan sunan garinsu yana da ƙ ko ɗ ko ɓ, da k da d da b zai buga, domin haruffanmu masu lanƙwasa ba su da alama a tsarin. Bayan an yi musayar rahoto da suna da gari, ana sallama da 73, wato fatan alheri, a buga S da K a manne alamar an rufe zance. Daga nan akwai wata 'yar al'ada da ba a rubuta a kowace doka ba: ɗaya ya taɓa ɗigo biyu, ɗayan ya mayar masa da biyu. Babban yatsa yana taɓa filafilin ya ɗaga, ya jira tsawon ɗigo 3, ya sake taɓawa, domin idan ya riƙe shi kiya za ta manne su, abin da zai isa can ya zama harafin I.